Mota a Tsaye, Makulli a Aljihu: Me Ya Sa Direban Tirela Ke Wuyar Samu?

Duk mai zama da masu manyan motoci, a Kano ne ko Potiskum ko Funtuwa, ya saba da wannan. Za ka ga tirela lafiyayya, tayoyinta sababbi, takardunta cikakku, an jingine ta a gareji har ƙura ta rufe gilashi. Ka ce wa mai ita, "Alhaji, lafiya motar nan take tsaye?" Ya ce, "Lafiya lau, direba nake nema." Ka waiga bakin garejin, ga samari zaune a bencin mai shayi, babu ɗaya a cikinsu da ba zai iya shigar da motar nan da baya cikin lungun da kai ko ƙaramar mota ba za ka shigar ba. Alhaji ya san su, ya san iyayen wasunsu. Makulli dai na aljihunsa.

A 2012 kamfanin Ɗangote ya yi shelar ɗaukar direbobin tirela 100 daga cikin waɗanda suka gama jami'a. Takardun neman aiki kusan 13,000 suka shigo, kuma Aliko Ɗangote da bakinsa ya ce a ciki akwai masu digirin digirgir 6 da masu digiri na biyu 704. Jaridu suka yi ta yayata labarin a matsayin shaidar rashin aikin yi. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ƙasar da dubban mutane ke rububin sitiyari 100, ita ce kuma ƙasar da mota ke yin wata a tsaye don babu direba. Ashe akwai abin da ake nema wanda iya tuƙi kaɗai ba ya kawo shi.

Mu duba abin da mai mota ke miƙawa ranar da ya miƙa makulli. Akwai kan mota da bodi, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 ko tsohuwar DAF 'yar Beljiyam sai mutum ya sayar da gida kafin ya mallake ta. Akwai kaya: siminti buhu 600 ko 900, ko fetur lita 33,000 ko 45,000, ko shanun fatake da dama da suka haɗa kuɗi suka yi lodi ɗaya. Akwai tanki cike da dizal, wanda direbobi ke kira gas, ga kuɗin hanya a hannu. Duk wannan zai ɓace wa idonsa, ya yi tafiyar da ta kai kilomita 1,000 tsakanin Kano da Legas, kwana da kwanaki, a hannun mutum ɗaya. Ma'aikacin banki da ke ƙirga kuɗin da bai kai haka ba, kyamara na kansa, manaja na bayansa. Direba kuwa daga shi sai Allahnsa sai yaron motarsa. Shi ya sa in masu mota na tattauna direba, tambayarsu ta farko ita ce, "Yaron wa ne?"

Tambayar ta girmi mota. Zamanin da ake fataucin goro zuwa Gwanja da jakuna, ba a shiga ayari sai madugu ya san wanda ya tsaya wa mutum. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya ɗauke nauyin, daga baya ya sukurkuce, kaya suka koma kan kwalta, sai gareji ya gaji tsarin ayari. Makarantar gareji kuwa ita ce karen mota.

Sunan ba daɗin ji, shi ya sa wasu suka fi son a ce yaron mota, amma aikin ne ya haifi yawancin direbobin da ke kan hanya yau. Yaro zai shigo yana ɗan shekara goma sha wani abu, uba ko kawu ne zai kai shi ya danƙa wa direba. Ya wanke mota, ya duba ruwa da baƙin mai, ya ɗaure tamfol, ya diro da gudu ya sa waigi in an tsaya a hawa, ya kwana a ƙarƙashin mota yana gadin batir da tankin gas maigidansa na barci a ciki. Da farko ba ya taɓa sitiyari, sai dai ya ɗumama inji da asuba. Sannan a bar shi ya matsa mota gaba kaɗan a layin lodi. Sannan wata rana da tsakar dare, a miƙaƙƙiyar hanya, maigida ya ce, "Zo ka riƙe min, idona ya yi nauyi." A haka har a yaye shi. Ranar yayewa ba a ba shi takarda. Maigidansa ne zai kama hannunsa ya kai shi gaban wani mai mota ya ce, "Alhaji, wannan yarona ne, in ya ci amanarka ni ka kama." Wanda ya faɗi haka yana da mutuncin da zai zube, kuma an san ƙofar gidansa.

Ba na raina makarantar nan. Wanda ya fito daga cikinta yana jin ciwon inji da kunne kafin bakanike ya buɗe. Ya san inda ake rage giya tun kafin a hango gangaren Hawan Kibo, ya san mai facin da ke buɗewa da dare a Tafa, ya san yadda ake magana da ma'aikaci a shinge ba tare da an kwana a wurin ba. Amma gado ne, kuma mai cin gado ba ya zaɓe. In maigida na sakin mota a firi a gangare don ya rage shan gas, yaro ma haka zai yi. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa cewa birkin tirela da iska yake aiki, kuma in ana ta taka shi ba giya, iska na raguwa, birki na ɗaukar zafi, har a zo inda za a taka a ji wayam. Da yawa daga abin da ake kira "birki ya tsinke" daga nan yake farawa.

Makarantar ma yanzu ɗalibanta na raguwa. Saurayin da a da zai haƙura ya yi shekaru yana kwana a ƙarƙashin mota, yau yana ganin sa'ansa ya karɓi Adaidaita Sahu, yana kai balas da yamma, ragowar na aljihunsa tun ranar farko. Manyan kamfanoni da dama kuma sun hana ɗaukar kowa a mota in ba wanda suka yi wa rajista ba, saboda inshora da gudun a miƙa wa yaro tuƙi. Dalilinsu mai kyau ne. Sai dai kujerar da suka hana zama a kanta, a nan ake karatun. Kamfani na son gogaggen direba, amma ba ya son a goge a motarsa.

Doka ma ta kawo nata sharaɗin. A Najeriya tuƙa tirela sai da lasin aji G, kuma ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ita ce ba a ba da lasin tuƙin haya sai mutum ya kai shekara 26, ya bi ta makarantar tuƙi mai rajista, ya kawo takardar lafiya daga asibiti. A takarda ba laifi. A gareji kuwa, yaron da ya fara yana ɗan 15 ya ƙware yana ɗan 21, sai a ce ya jira shekara biyar. Ba jira yake yi ba. Ko ya ƙara wa kansa shekaru, ko ya yi ta tuƙi a matsayin safaya, wato mai karɓar direba. A gefe guda kuma akwai mai lasin G fes a aljihu wanda bai taɓa haɗa kai da bodi ba. Masu mota sun san haka, don haka lasin a wurinsu abin nuna wa ma'aikaci ne a hanya. Jarrabawarsu ita ce, "Shiga ka yi min ribas, ka ajiye ta tsakanin motocin can biyu."

Da kamfanoni suka ga ba su da maigidan da zai ce "yarona ne", sai suka koma ga garanto. A kawo mutum biyu, ma'aikacin gwamnati mai babban mataki ko mai gida da takardar fili, su sa hannu, su liƙa hoto. Direban da ya fi cancanta, wanda ya tashi a gareji tun yana yaro, sau da yawa bai san wani darakta ba, wanda ya san darakta kuma ba lallai ya san hanya ba. Ga kuma garanton haya, mai sa hannu don a ba shi na goro, ranar da aka neme shi a tarar adireshin kango ne. Tsohon tsari da kunya yake aiki, sa hannu kuwa ba ya jin kunya.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙa, wato biya.

Direbobin masu mota ɗaiɗaiku, albashinsu na wata ba abin a faɗa ba ne. Wasu ma ba su da shi sam, sai abin da aka yanka musu a kowace tafiya. Ana ba direba kuɗin hanya, ana auna masa gas na zuwa da dawowa, abin da ya rage nasa ne. A ƙarƙashin wannan akwai yarjejeniyar da ba a furtawa. Mai mota na biya kaɗan don ya san direba zai ci a hanya, direba na ci a hanya don an biya shi kaɗan. Hanyoyin ba ɓoyayyu ba ne: a zuƙi gas a sayar wa 'yan bunburutu, a ɗora fasinja a saman buhuna, a ƙara lodi fiye da abin da aka rubuta, a ɗauko kayan wani a dawowa ba da sanin maigida ba, a musanya sabuwar taya da tsohuwa a karɓi ciko. In mai mota ya ce direbobi na cutarsa, ba ƙarya ya yi ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

An yi shekaru ana tafiya haka a daddafe, domin akwai rarar da kowa zai lasa. Sai farashin gas ya ninka fiye da sau biyu a cikin 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, faɗuwar naira kuma ta ɗaga kuɗin taya da kayan gyara. Har ta kai a Fabrairun 2024 ƙungiyar masu motocin haya ta NARTO ta sanar da ajiye tankoki, tana cewa kuɗin dakon da ake biya bai rufe ɗawainiya. Rara ta ƙafe. Mai mota ya sa na'urar bin diddigi, wadda ke nuna masa a waya inda mota take, minti nawa ta tsaya, wasu har da yawan gas da ke tanki. Ya toshe ɓaraka, kuma haƙƙinsa ne. Amma da yawa sun toshe ba su ƙara albashi ba. To, duba wanda wannan ke kora. Direba mai tsoron Allah, wanda dama ɗan ragowar gas na halal ne ke riƙe da gidansa, ya yi lissafi ya ga ba ta fita, sai ya ajiye makulli ya koma tifa ko noma ko ya nemi kamfani. Wanda ke zama shi ne wanda ya san yaron da ya iya zare wayar na'urar.

Biyan tafiya-tafiya na da illar da ta fi sata muni. In kuɗinka na zuwa ne daga yawan zuwa da dawowa, barci asara ne. Ta nan goro da shayi mai kauri suka shigo, daga su aka wuce gadagi, daga gadagi aka kai tiramol. Duk jiran da aka yi kuma a kan direba yake faɗawa. Waɗanda suka yi zamanin cunkoson tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, kafin hukumar tashoshin ruwa ta kawo tsarin kiran motoci na Eto a 2021, sun san mutum kan yi mako biyu ko fiye a layi a kan gada, yana wanka da ruwan leda, yana sallamar 'yan iskan gari don kada a fasa masa gilashi, ba ko sisi da ke shiga. Ranar da ya samu lodi, so yake ya rama makonnin nan a dare biyu. Direban tanka kuma ga shoti, wato giɓin mai. A auna mai a daffo, a auna a gidan mai, in an samu giɓi a cire a kuɗinsa, ko da ma'aunin ne ya bambanta. Wanda ya san za a cire masa ko bai taɓa ba, me zai hana shi taɓawa?

Kuma ba direba iri ɗaya kowa ke nema ba. Na siminti a Obajana ko Ashaka aikinsa na da tsari, lodi ɗaya, takarda ɗaya, wurin saukewa sananne. Na kayan gwari da na shanu wata halitta ce daban. Tumatirin da aka ɗora a Kwanar Gafan ba ya jiran kowa. In bai isa kasuwar Mile 12 ta Legas a kan lokaci ba, ruwa za a sauke. Saniyar da ta faɗi a mota tsakanin Potiskum da Legas, in tafiya ta yi tsawo, 'yan uwanta ne za su tattake ta. Fatake na son direba mai wuta, kuma suna ƙara masa don ya yi wutar. Halin da zai sa kamfanin mai ya kori mutum, shi ne zai sa dillalin tumatir ya adana lambarsa. Da kaka, in hatsi ya cika Dawanau, kowa na neman mota da direba a lokaci guda, 'yan kamasho su yi ta kiran waya, in damina ta yi nisa kuma a koma zaman benci.

Sai wata tambaya da a da ba a yi, yanzu kuwa tun kafin maganar kuɗi ake yin ta: "Ina da ina za ka iya zuwa?" Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari zuwa Tegina, wadda ke rage nisan Legas, ta yi shekaru direbobi na gudunta saboda 'yan bindiga, suna zagaye, gas na ƙaruwa, kwana na ƙaruwa. A kudu maso gabas, tun da 'yan awaren Biyafara suka ƙaƙaba zaman gida na ranar Litinin a Agustan 2021, an ƙona motocin kaya, an kashe direbobi. Rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun shekarar ya sa dillalan abinci da shanu suka tsayar da lodi zuwa kudu na kwanaki. Direban da zai yarda ya bi hanyoyin nan, ya iya buroka ko ɗan Yarabanci, ya iya haƙuri da masu karɓar haraji da katako mai ƙusoshi, ba shi da yawa, kuma ya san ba shi da yawa. In aka sace shi, wa zai biya kuɗin fansa? In ya mutu, me za a ba matarsa? A kamfani akwai amsa a rubuce, ko da ba ta taka kara ta karya ba. A wurin mai mota ɗaya, amsar na ga halin Alhaji.

A Nijar abin ya fi haka tsanani. Ƙasar ba ta da teku, kayanta ta Kwatano da Lome suke shigowa a kan motocin da can ake kira dogon baro. Direban wannan hanya sai ya iya ɗan Faransanci, ya san takardun kwastan na ƙasa biyu ko uku. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin, motoci suka yi jerin gwano kaya na lalacewa, aka koma bin Lome ta Burkina Faso, ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar soja, a yankin da masu ɗauke da makamai ke kai hari. Tafiyar 'yan kwanaki ta koma ta makonni. Mai mota a Maraɗi ko Ƙonni da ke neman wanda zai bi nan, sai ya samu wanda iyalinsa ma za su bar shi ya tafi. Mutanen Jibiya da Illela da Maigatari sun ɗanɗana irin wannan a rufe iyakar Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Direban da ya yi shekara ba lodi ba ya zaman jiran a buɗe, sana'a yake sakewa, kuma ba kowa ke dawowa ba.

Da wannan idon na kalli rigimar 2025. Matatar Ɗangote da ke Lekki ta sanar da shigo da tankoki 4,000 masu amfani da iskar gas maimakon dizal don kai mai kai tsaye gidajen mai. Mota ana odarta ta zo a jirgin ruwa. Direba 4,000 fa, a wane jirgi za su zo? Daga garejin nan za a ɗebo su, daga hannun masu tanka biyu da uku, da albashi tsayayye da sabuwar mota, abin da ƙaramin mai mota ba zai iya gogayya da shi ba. Ƙungiyar ma'aikatan man fetur ta NUPENG, wadda reshenta na direbobin tanka ya daɗe yana riƙe da ƙofar daffo, ta zargi kamfanin da hana sababbin direbobin shiga cikinta, kamfanin ya musanta, aka shiga yajin aiki ranar 8 ga Satumba, aka janye washegari bayan gwamnati ta shiga tsakani. An yi ta muhawara kan 'yancin shiga ƙungiya, kuma batu ne na gaske, domin direba shi kaɗai a gaban kamfani mai dubban motoci ba shi da baki. Amma a ganina akwai wani abu a ƙasa. Shekara da shekaru ƙungiya ce ke aikin da maigida ke yi a da. Ita ta san wane ne direba, ita ke karɓo shi in an kama shi, ita ke da layi, ita ke karɓar nata a kowane lodi. Wanda ke riƙe da rajistar direbobi shi ke riƙe da maƙogwaron man ƙasar, kuma ɓangarorin biyu sun san haka sarai.

Gwamnati ta fi son gyaran da ake gani da ido. Bayan tankar da ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, wutarta ta kashe mutum fiye da 150, da ta mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025, sai aka hana yi wa tankoki masu lita 60,000 lodi daga 1 ga Maris na 2025. Kafin nan an tilasta sa na'urar taƙaita gudu tun 2017. Duk suna da amfani. Sai dai awa nawa mutumin da ke gaba ya yi bai runtsa ba, wannan ba mai aunawa. A Turai doka ta ce bayan tuƙin awa huɗu da rabi sai an huta minti 45, kuma akwai na'ura a cikin mota da ke rubuta awannin. DAF ɗin da muke saye daga can da na'urar take zuwa. A nan kwalliya ce.

Makarantu na nan. Cibiyar fasahar sufuri ta NITT da ke Zariya tun 1986 take, Ɗangote na da makarantar direbobin tirela a Obajana, kamfanin siminti na Lafarge ma ya horar da mata suna tuƙa manyan motocinsa, abin da ya ba mutanen gareji mamaki fiye da yadda ya kamata. Aji na koyar da abin da gareji ya bari: alamun hanya, tazara, yadda birki ke aiki, lokacin hutu. Amma ba ya koya wa mutum abin da zai yi in taya ta fashe masa da ƙarfe biyun dare tsakanin Mokwa da Jebba. In da ni ake tambaya, gogaggen yaron mota za a ɗauko a zaunar da shi a aji na ɗan lokaci, a ba shi lasin na gaskiya. Ya fi sauƙi a kan a ɗauko mai takarda a yi ta fama a mai da shi ɗan hanya. Sai dai fom ɗin neman aiki da ake cikewa a intanet da Turanci, mai neman takardar sakandare, tun daga ƙofa yake tankaɗe shi.

Akwai wani giɓi da ban cika jin ana maganarsa ba. Direban da ya yi shekara 20 bai taɓa kayar da mota ba, bai taɓa kawo shoti ba, ba inda aka rubuta masa wannan. Sunansa na kirki iyakarsa garejinsu da bakin waɗanda suka san shi. In ya je kamfani, layi ɗaya zai bi da wanda ya kifar da mota uku a jihohi uku ya sauya gari, don shi ma ba inda aka rubuta nasa. Kasuwar da ba ta iya bambance su dole ta biya su kuɗi ɗaya, kuma kuɗin wanda ake zargi za ta biya.

Tsofaffin masu mota da suka riƙe direba har tsufa, ba da na'ura suka riƙe shi ba. Sun yi masa aure, sun biya masa kujerar Makka, in ya yi shekaru yana bauta wa mota kuma a ce, "Tsohuwar nan taka ce, ka riƙa kawo abin da ya sauwaƙa har ka gama." Wanda ya san motar za ta zama tasa ba ya sayar da tayarta, ba ya sakinta a firi. Shirin Ɗangote na 2012 ɗin nan ma da wannan ƙugiya aka yi shi. An ce wanda ya cika kilomita 300,000, kimanin tafiya 140 tsakanin Legas da Kano, mota ta zama tasa. Wato babban kamfani ma da ya zauna ya yi lissafi, dabarar Alhazan gareji ya ɗauka. Abin da ya sa ta yi wuya yau shi ne tsadar motar kanta. Mai tirela biyu da bashin banki a wuyansa ba shi da tsohuwar da zai bayar.

Shi ya sa Alhajin da muka bari da makulli a aljihu ba ya duban benci. Waya yake yi a ɓoye. Akwai direban wani maƙwabcinsa da ya daɗe yana sa wa ido, mai sanyin hali, ba ya shan komai sai shayi, an ce maigidansa ya riƙe masa kuɗin tafiya biyu, matarsa kuma ta kusa haihuwa. Za a tura masa ɗan kamasho da dare. Za a biya bashin da ke kansa, a ƙara masa wani abu a kuɗin hanya, a ce ragon suna na Alhaji ne. Ranar Asabar motar za ta yi lodin masara a Dawanau ta kama hanyar Ibadan. Ranar Lahadi kuma, a garejin da ke kallon wannan, za a jingine wata tirelar lafiyayya, a zare makulli.